Folifenol: yadda ake auna abin da mutum ke samu a abinci

Baurin da goro da shayi ke bari a harshe, da jan da ke cikin zoɓo, duk aikin wasu sinadarai ne da tsirrai ke yi don kare kansu daga ƙwari da zafin rana. Masana na kiran su folifenol, kuma ire-irensu sun kai dubbai. Bincike da dama ya nuna cewa masu yawan samun su a abinci ba su cika kamuwa da ciwon zuciya da na sukari ba kamar masu samun kaɗan. Amma kafin a ce wane ya samu da yawa, wane kaɗan, sai an auna, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ba a sa wa mutum ma'auni a baki. Ma'aikaci ne ke zama da shi ya tambaye shi duk abin da ya ci ya sha jiya, daga karin kumallo har kwanciya, ko a ba shi takarda ya faɗi sau nawa yake cin abu kaza a mako. Daga nan sai a duba rumbun bayanai irin su Phenol-Explorer, wanda masana a Faransa suka haɗa, mai ɗauke da folifenol kimanin 500 a abinci fiye da 400. A ninka yawan abin da aka ci da abin da rumbun ya ce yana ciki, a tara.

Da wannan dabara wani bincike mai suna EPIC ya auna manya 36,037 a ƙasashe 10 na Turai, aka fitar da sakamakon a 2016. Mazan birnin Aarhus na Denmark ne suka zo kan gaba da miligiram 1,786 a rana, mazan Girka kuwa 744 kacal. Girka fa, ƙasar zaitun da ganyayyaki! Kofi ne ya raba su, domin mutanen Denmark ba sa wasa da shi. Kanumfari ya fi kowane abinci a rumbun, yana da fiye da miligiram 15,000 a giram 100, kofi kuwa kimanin 200 a mililita 100. To wa ke cin giram 100 na kanumfari? Abin da ake sha kullum da yawa shi ke cika lissafi.

Sai dai alƙaluman nan a kan tunawar ɗan Adam suka tsaya. Mutum na mantawa, wani kuma ya gyara amsa don kada a gane shi. Kuma abin da ya shiga baki ba duka ke shiga jini ba. Kaso mai yawa sai ƙananan halittun da ke cikin hanji sun sarrafa shi, su kuwa sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Shi ya sa ake ƙarawa da gwajin fitsari ko jini, ko da yake shi ma galibi labarin kwana ɗaya ko biyu yake bayarwa.

A wurinmu aikin ya fi wuya. Da abincin Turawa aka gina rumbunan, mu kuwa namu folifenol ɗin yana cikin jar dawa, wake, zoɓo, goro, tsamiya da kuka. Dawar da aka surfa ta rabu da dusarta, inda mafi yawan sinadarin yake, don haka ba ɗaya take da wadda ba a surfa ba. Ga kuma mutum biyar a kan akushi ɗaya: wa zai iya faɗin rabonsa daga malmalar tuwo? A ganina, jami'o'inmu su fara auna abincinmu yadda ake dafa shi a gidajenmu kafin a kawo mana lissafin Turai a ce namu ne.

Har yau babu adadin folifenol da aka wajabta wa mutum a rana kamar yadda aka yi wa bitamin, kuma yawansa ba kullum ne alheri ba. Baurin shayi na rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake da ganye. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi.