Shekara 13 a Hanya: Shirin Komawa Duniyar Yuranus

Duk abin da ɗan Adam ya gani kusa da kusa na duniyoyin Yuranus da Neftun, kumbo ɗaya ne ya kawo shi. Voyager 2, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1977, ya gifta ta gefen Yuranus a Janairun 1986, ya wuce Neftun a Agustan 1989, bai tsaya ba. Tun daga nan babu kumbon da ya sake leƙawa.

A 2024 masana suka koma kan bayanan da kumbon ya aiko, suka gano cewa ya isa Yuranus ne daidai lokacin da wata iska mai ƙarfi daga rana ta matse maganaɗisun duniyar, yanayin da ba kasafai ake samunsa ba. Kamar baƙon da ya sauka gari ranar da hazo ya turnuƙe, ya tafi yana ba da labarin cewa haka garin yake kullum. Shekaru kusan 40 ana gina ilimi a kan wannan rana guda.

Tun kafin wannan binciken, a 2022 kwamitin masana na Amurka ya ba NASA shawarar ta sa Yuranus a gaba cikin manyan ayyukanta. Ana son kumbon da zai zauna yana zagaya duniyar shekara da shekaru, ya kuma jefa wata na'ura cikin iskarta domin auna abin da ke ciki. Tambayoyin suna da yawa: me ya kwantar da ita a gefe har digiri 98, kuma ko akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙarar watanninta irin su Ariel da Titania? Ga shi kuma da yawa daga cikin duniyoyin da ake ganowa a kewayen wasu taurari girmansu ya kusa na Yuranus da Neftun.

Wahalar tana hanya. Nisan Yuranus daga rana ya ninka namu sau 19, hasken da ke isa can bai kai ya ciyar da faifan sola ba, dole a nemi wuta daga zafin sinadarin fulutoniyam, wanda Amurka ke sarrafa shi kaɗan kaɗan. Saƙon rediyo kan ɗauki fiye da awa 2 da rabi kafin ya isa, don haka kumbon ne zai riƙa yanke wa kansa shawara.

Sai kuma lokaci, wanda shi ya fi damuna. Tsarin da aka gabatar a 2022 ya dogara ne da a harba kumbon wajen 2031 ko 2032, domin ƙarfin janyowar duniyar Jufita ya cilla shi gaba, tafiyar ta zo kusan shekara 13. Idan kuɗi suka yi jinkiri har Jufita ta gusa, tafiyar za ta ƙara tsawo da tsada, kuma Neftun, da ta fi nisa, sai ta ci gaba da jiran layinta.