Wa Ya Cinye Rabin Shafin?

Duk mai tara tsofaffin littattafan waƙoƙin labari na Ingila da Sikotilan yana da burin mallakar bugun da Hales da Furnivall suka fitar a 1867 zuwa 1868. Amma wanda ya buɗe farkonsa zai ci karo da abin mamaki. Kana cikin labarin mutuwar Robin Hood, zuciya na dukan uku-uku, sai waƙa ta yanke. Ta dawo, ta yi nisa kaɗan, ta sake yankewa. Haka labarin auren jarumi Gawain yake, giɓi bayan giɓi, kamar bakin mai wawulo. Zo mu bi sawu tare, mai karatu. Wa ya cinye rabin shafin?

Farkon wanda na zarga ɓera ne. Kundin da aka kwafo waƙoƙin daga cikinsa rubutun hannu ne na wajajen 1650, kuma kowa ya san ta'adin ɓera a kan takarda. Sai dai ɓera gefe yake gaigaya, ba ya auna rabi. A nan kuwa takarda bayan takarda, rabi ne ke tafiya. Na wanke ɓera.

To ko damshi ne? Damshi tabo yake bari, ya narkar da tawada. Wannan yaga ce. Hannu ne ya yi ta.

Hannun wa? Na tuna zamanin Cromwell, lokacin da masu tsananin addini suka rufe gidajen wasan kwaikwayo. Ko wani ne ya cire abin da bai gamshe shi ba? Da haka ne, da ya zaɓi baiti. Mai wannan hannu bai zaɓi komai ba. Ina jin bai ma karanta ba.

Har akwai masanin da ya yi zargi mafi nauyi, Joseph Ritson, wanda ya yi shakkar ko kundin ma yana nan. Yana nan. Yau yana Laburaren Birtaniya a Landan.

Sawun kundin ya kai mu gida ɗaya. Garin Shifnal. Falon wani mutum mai suna Humphrey Pitt.

Wani saurayi, Thomas Percy, ya kai ziyara. Ya hango takardun kundin nan a ƙasa, ƙarƙashin teburin rubutu, duk sun yi dauɗa. Ya tambaya.

'Yan aikin gidan ne ke hura wuta da su!

Kullum aka tashi kunna murhu, sai a ja takarda, a yage rabi, a cusa ƙarƙashin itace. Baitocin da wani ya zauna ya kwafa da alƙalami shekara ɗari kafin nan, wasunsu babu kwafinsu ko'ina a duniya, suka zama hayaƙi don ɗaki ya yi ɗumi. Ba mugunta ba ce. Wanda bai san darajar goro ba, ganye kawai yake gani. Kowane giɓi a bugun nan wutar safiya ɗaya ce.

Percy ya roƙi kundin, aka ba shi. Daga cikinsa ya ɗebo wasu daga waƙoƙin littafinsa na 1765, wanda ya cusa wa marubuci Walter Scott son tsofaffin waƙoƙi tun yana yaro.

Amma ban rufe bincike ba tukuna. Mai ɗinkin littafin da Percy ya kai wa kundin ya datse gefen takardun, ya tafi da wasu layuka. Shi kansa Percy ya yage shafukan waƙar Sarki Estmere ya aika wa maɗaba'a, ba su dawo ba.

Masu ɓarnar ashe uku ne, kuma na ukunsu shi ne wanda ya tsamo kundin daga bakin murhu.