Mizanin Auna Kundin Ɗalibi

Tun da kwamfuta da wayar salula suka shiga hannun ɗalibai, ya wajaba malaman manyan makarantu, kamar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan, su dubi sha'anin kundin intanet, inda ɗalibi yake tara ayyukansa yana yi wa kansa muhasaba a kan karatunsa.

Sai dai kundi ba ya da fa'ida sai an kafa masa mizani, an kuma bayyana sharuɗɗansa tun farkon zango. Na farko hujja: ɗalibar da ta je gwajin koyarwa a wata firamare ta Kagoro ta sanya tsarin darasinta da hoton allon da ta rubuta. Na biyu tadabburi, wato ta faɗi dalilin da ya hana yara gane lissafin rabawa, da dabarar da ta sake washegari. Na uku gaskiya, domin mai ɓoye kuskurensa don neman maki ya ci amanar ilimi.

Adalci kuwa ya hana a rage wa ɗalibi maki saboda ɗaukewar wuta ko tsadar data, gama fahimtarsa ce abin aunawa.