Toshewar Bakin Ƙoda da Tiyatar da Ake Yi da Na'ura

 Yau zancen ƙoda za mu yi.

Kowace ƙoda tana da siririn bututu da ke gangarar da fitsari zuwa mafitsara. To, daidai inda bututun nan ya haɗu da ƙoda, wani lokaci wurin kan tsuke. Yawanci da abin ake haihuwar yaro, wani kuma jijiyar jini ce ke gittawa ta danne wurin. Kun dai san makwararar tsakar gida idan ta cushe. Haka fitsari ke taruwa, ƙoda ta kumbura, in aka daɗe ta lalace a hankali ba a ankara ba, tunda 'yar'uwarta tana ta aiki.

An fi samunsa ga yara maza, kuma a ƙodar hagu. Jarirai da yawa tun suna ciki ake hango kumburin a hoton awon ciki, shi ya sa nake roƙon masu gida su riƙa ba da izinin zuwa awo. Da dama kumburin kan baje da kansa, likita sai dai ya yi ta bibiya. Wanda ya tasa kuwa sai ki ji yana kukan ciwon kwiɓi, musamman in ya sha ruwa da yawa, ga amai, wani sa'in zazzaɓi ko jini a fitsari. Don Allah uwar gida, kar a yi ta ɗura masa jiƙo.

Aikin gyaran ba sabo ba ne. Tun 1949 wasu likitoci biyu a Ingila, Anderson da Hynes, suka fito da hanyar: a yanke tsukakken wurin, a ɗinke bututun da ƙoda. A da sai an tsaga kwiɓi. Yanzu ana iya huda ciki wuri uku ko huɗu, kowace huda kamar faɗin yatsa, a zura 'yar kyamara da kayan aiki waɗanda hannuwan wata na'ura ke riƙe da su. Wadda aka fi sani ita ce da Vinci, da aka amince da ita a Amurka a 2000.

Mutum-mutumi ake ce mata, amma ba ta yin komai da kanta. Likita na zaune gefe cikin ɗakin, yana kallon cikin jiki ƙato-ƙato, duk yadda ya motsa yatsunsa haka take bi. Amfaninta ɗinki ne a lungu mai ƙunci. Ciwon ba yawa, kwana 1 ko 2 an sallami mutum.

Sai dai tana da tsadar gaske, ba kowane asibiti ke da ita ba. Kar hankalinki ya tashi: ko da na'ura ko da tsagawa, fiye da 90 cikin 100 suna samun nasara.

Bayan aiki akan bar wata siririyar roba a cikin bututun, mako 4 zuwa 6. Ki riƙe ranar cire ta da kyau, don in aka manta da ita tsakuwa kan taru a jikinta.