2,147,483,647: Lambar da agogon kwamfuta zai ci karo da ita a 2038

Ɗan'uwa matashi, karanta wannan lambar a hankali: biliyan 2 da miliyan 147 da dubu 483 da 647. Idan kana koyon rubuta manhaja, ko kana da niyyar fara wa, to ka haddace ta, domin wata rana za ku haɗu.

Ga yadda ake samun ta: ka jera lamba 2 har sau 31, ka ninka su da juna, sannan ka cire 1. Abin sha'awa shi ne babu lambar da ke raba ta ba tare da saura ba, sai 1 da ita kanta. Lambobi marasa rabuwa da ake samu ta wannan hanya ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani malamin kirista ɗan Faransa na ƙarni na 17, kuma wannan ita ce ta takwas a jerinsu. Masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan Suwizalan, shi ya tabbatar da haka a 1772, babu kwamfuta, ga shi kuma idanunsa sun riga sun kusa mutuwa gaba ɗaya.

To, me ya haɗa ta da wayarka? Kwamfuta tana ajiye lamba ne a gurabe, kowane gurbi 0 ko 1. A tsarin gurabe 32, ana ware ɗaya ya nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. Iyakar abin da za su iya ɗauka ke nan: 2,147,483,647. Ka ƙara 1 kawai, sai lissafin ya wuntsila ya koma can ƙasa da sifili.

Ba tatsuniya ba ce. A Disamba 2014, da masu kallon waƙar Gangnam Style ta mawaƙi Psy na Koriya ta Kudu suka kai wannan adadi, YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'auninsa zuwa gurabe 64.

Babbar matsalar tana gaba. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci ne da sakan, tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgar za ta cika wannan lamba ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Tsohuwar na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ana shekarar 1901 ne. Ka yi tunanin lissafin bashi ko takardar shaida mai wa'adi a irin wannan na'ura.

Sabbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma gurabe 64. Amma tsofaffin na'urori na nan jibge a ma'aikatu, kuma sai an samu masu bin su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka idan ka zo ajiye lokaci, kuɗi ko adadin mutane a manhajarka, ka fara tambayar kanka: gurabe nawa na ware?