Inter-Co a Kumasi: 'ya'yan Zango na gudu, amma wa ke tunawa da su bayan an tashi?

Duk shekara akwai wasu 'yan kwanaki da babban filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi yake cika da jama'a, alhali ba Asante Kotoko ke wasa ba, ba kuma Black Stars ba. 'Yan makarantun sakandare ne ke tsere, kowace makaranta da nata ɓangaren zama, da ganguna, da waƙoƙin zuga da ake kira jama. Mutanen Ghana na ce wa wannan gasa Inter-Co, wato gasa tsakanin makarantu da kwalejoji. A cikin masu gudu da tsalle da jifa akwai yara da yawa daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Alabar, Sawaba da Tafo. Sai dai galibinsu da an tashi daga fili shi ke nan, a unguwa ba wanda ya san abin da suka yi in ban da abokansu.

Ga mai karatu da ke Nijar ko Kamaru ko Cadi, babbar sakandare a Ghana shekara 3 ce, daidai da lise, kuma a ƙarshenta ake zana jarrabawar WASSCE, wadda take matsayin BAC. Wasannin makarantu suna ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, GES, kuma hawa-hawa ake yin su. Ana farawa ne a cikin makaranta, inda gidajen kwanan ɗalibai ke karawa da juna, a nan malamin wasanni ke zaɓen tawagarsa. Daga nan sai gasar shiyya, inda ake raba makarantun yankin Ashanti rukuni-rukuni. Waɗanda suka tsallake su ne ke haɗuwa a babbar gasa da ake kira Super Zonals. Fitattun da aka gani a nan ake tarawa su wakilci Ashanti a gasar ƙasa.

Wani abu da 'yan kallo da dama ba sa lura da shi shi ne, kofi ba na wanda ya ci tseren mita 100 ba ne. Maki ake tarawa daga kowane fanni: gajeren gudu, dogon zango, gudun ba-ni-in-ba-ka, dogon tsalle, jifan mashi, jifan dalma da sauransu. Makarantar da ke da gwani ɗaya tal tana iya samun tafi, amma kofin yana tafiya ne wurin wadda ta cusa yara da yawa a zagayen ƙarshe. Ke nan yarinyar da ta zo ta huɗu a jifan dalma can gefen fili, lokacin da hankalin kowa ke kan masu gudu, tana iya zama ita ta ciyo wa makarantarta gasar. Ita ce kuma ta farko da ake mantawa.

Tsohuwar hamayyar da kowa ya sani a Kumasi ita ce ta Prempeh College, wadda aka kafa a 1949, da Opoku Ware ta 1952. Amma a fagen guje-guje, sunan da ya fi tsorata abokan karawa shi ne T.I. Ahmadiyya, wadda aka buɗe a 1950, take kuma dab da filin wasan. Ta sha ɗaukar kofi a ɓangaren maza da na mata. Akwai kuma makarantun da 'ya'yan Musulmi suka fi yawa a cikinsu, irin su Islamic Senior High da ke Abrepo, da Sakafia, da Al-Azhariya da ke Tafo.

Ita Al-Azhariya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A nan Abdul-Rasheed Saminu, wanda asalinsa ɗan arewacin Ghana ne, ya yi sakandare. Daga Kumasi ya wuce Jami'ar Ghana da ke Legon, daga can ya sami tafiya Amurka. A watan Mayun 2025 ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.86, ya goge tarihin 9.90 da Benjamin Azamati ya kafa a 2022, sannan a watan Yuli ya sake rage shi zuwa 9.84. Ba a taɓa samun ɗan Ghana mai wannan sauri ba. A watan Satumba na shekarar, a gasar duniya da aka yi a Tokyo, shi da Azamati da Ibrahim Fuseini da Joseph Paul Amoah suka zo na huɗu a gudun ba-ni-in-ba-ka. Shi kuwa Amoah tsohon ɗalibin Prempeh ne, ya ci tagulla a mita 200 a gasar Commonwealth ta 2022, ya kuma ci zinare a wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024. Wato biyu daga cikin mutum huɗun nan makarantun Kumasi ne suka raine su. Kafin su, Martha Bissah ta ci zinare a mita 800 a gasar Olamfik ta matasa a Nanjing ta ƙasar Sin a 2014, tana ɗalibar sakandare a yankin Ashanti.

Hanyar da Saminu ya bi ita ce abin da ya kamata iyayen Zango su fahimta, domin da yawa har gobe suna kallon wasa a matsayin shashanci. Jami'o'in Amurka suna ba da karatu kyauta ga mai gudu, amma ba ƙafa kawai suke dubawa ba, sai da takardar sakamako. Jami'o'in Ghana ma haka ne. Yaron da ya girgiza Baba Yara da gudu amma ya faɗi lissafi da Turanci a WASSCE, tafiyarsa ta tsaya a ƙofar fili. Na koyar da wani yaro irin wannan a wata makaranta da ba sai na kama suna ba. Wata biyu kafin gasa ba a ganinsa a aji, an sallame shi ya yi atisaye, kowa na kiransa da laƙabi. Da ya gama makaranta babu wanda ya tambayi sakamakonsa, yanzu yana sayar da kayan waya a kasuwa. Sana'a ce, ba abin kunya ba, amma ba ita ya zaɓa ba. Makarantar da ta ci moriyar ƙafarsa ta ajiye kofi a ofis, shi kuwa ko takardar yabo bai samu ba.

Sunan filin kansa darasi ne a wannan fanni. Baba Yara, wanda sunansa na yanka Osman Seidu, an haife shi a Kumasi a 1936, ya yi wa Kotoko wasa kafin a ɗauke shi zuwa Real Republicans, ƙungiyar da aka kafa a zamanin Kwame Nkrumah. Ana ce masa sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. A watan Maris na 1963, yana ɗan shekara 26, motarsu ta yi hatsari a Kpeve da ke yankin Volta, ya ji rauni a laka. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya rasu a 1969. Sai a 2004 aka sa wa filin sunansa, shekara 35 bayan ya bar duniya. Yawancin yaran da ke gudu a ciki ba su san ko shi wane ne ba, wasu na zaton wani basarake ne.

Masu horarwa kuwa iri biyu ne. Akwai malamin motsa jiki da gwamnati ke biya, wanda albashinsa ɗaya ne ko ya fito da asuba ya tsaya a fili ko ya yi kwanciyarsa. Shi ne koci, shi ne mai gyaran targaɗe, sau da yawa daga aljihunsa ake sayen ruwa da ƙanƙara. Tun da aka soma karatun sakandare kyauta a 2017, kuɗin gudanar da makarantu daga gwamnati yake fitowa, shugabannin makarantu kuma sun sha kokawa da jinkirinsa. In kuɗi ya yi ƙaranci, abinci ake fara saye, wasanni su jira. Shi ya sa makarantun da ke da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai ƙarfi suka yi wa saura nisa: su ke sayen takalman gudu masu ƙusa, su ke ƙara wa 'yan wasa ƙwai da madara a lokacin atisaye. Makarantun da 'ya'yanmu suka fi yawa, galibinsu sababbi ne idan aka kwatanta da Prempeh, tsofaffin ɗalibansu ba su kai ga wannan ƙarfin ba tukuna.

Iri na biyu su ne kociyoyin unguwa, masu ƙungiyoyin ƙwallon yara da ake kira colts. Ba albashi, ba takarda, sai usur da jakar ƙwallaye da kuɗin mota da ake harhaɗawa. Wanda ya fi shahara a wannan layi a Kumasi shi ne Alhaji Karim Grusah, mai ƙungiyar King Faisal. Ta hannunsa Samuel Osei Kuffour ya wuce, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001, da Ibrahim Tanko da ya yi wasa a Borussia Dortmund. Shi an san shi domin yaransa sun kai Turai. Akwai irinsa masu yawa a filayen jar ƙasa na Aboabo da Asawase, waɗanda babban abin da suka yi shi ne tsare yaro daga majalisar masu shan tramadol tsakanin la'asar da magariba. Wannan aiki ba ya fitowa a jarida.

A bayansu duka akwai iyaye mata. Mai wake da shinkafa da mai koko da ƙosai, waɗanda daga cinikin safe ake cire kuɗin takalmi. Idan 'ya mace ce ke gudu, uwa ce kuma ke shan maganar maƙwabta. Maganar sutura gaskiya ce, bai kamata a yi kamar babu ita ba, amma tana da magani: dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajere, da ɗankwalin wasa, kamar yadda 'yan wasa Musulmi ke sawa a manyan gasannin duniya. Abin da ake buƙata shi ne malamin wasanni ya je gida ya zauna da mahaifi tun kafin a sa sunan yarinya a tawaga.

Gasar ba ta rasa nata tabo. Ana zargin wasu makarantu da farautar gwanaye daga wasu wurare, ana kuma ƙorafi kan shekarun wasu 'yan wasa. Akan yi jifa da doke-doke tsakanin ɗalibai bayan an tashi, abin da ke sa wasu iyaye hana 'ya'yansu zuwa kallo ma. Shi kansa filin yana shan wahala, har hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta janye amincewarta da shi a watan Satumbar 2024 bayan wasan Ghana da Angola, saboda lalacewar ciyawa.

Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne wajen karrama gwani. A Nijar, tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa, wanda ya yi nasara ya karɓi takobi, maroƙa su wasa shi, garinsu ya fito tarbarsa. A Zangon Kumasi ma muna yi wa mahaddata walima, muna tarbar alhazai da jerin motoci. Ba a rasa wurin da za a saƙa 'yan wasa a cikin wannan al'ada. A taron hawan salla, gaban Sarkin Zango da limamai, ana iya kiran sunayen duk yaran unguwa da suka kai Super Zonals, har da mai jifan dalmar nan, a kira malaminsu da kocin da ya fara ganinsu. Gidajen rediyon da ke magana da Hausa, irin su Zuria FM, suna iya karanta sakamakon gasar da sunan yaro da unguwarsu. A ra'ayina kuma, duk attajirin da zai ba da kyauta ya rage girman kofi, ya sabunta wa yaron katin inshorar lafiya na NHIS saboda ranar da zai ji rauni, ya kuma biya masa malamin darasin yamma na lissafi da Turanci har zuwa ranar da zai zana WASSCE.