Agwagi Ne Suka Fara Mutuwa

A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara suka lura agwaginsu suna ƙarewa. Babu wanda ya kai maganar gaban hukuma. Wa zai tafi sakatariya saboda agwagwa? A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shigo neman cutar sanƙarau, suka tarar da yara suna farfaɗiya suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu.

Zinariya ce ta jawo. Duwatsun da ake haƙowa a yankin cike suke da dalma, ana kuma kai su cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki, ta sauka a kududdufin da agwagi ke kiwo. Jikin yaro ya fi na babba saurin shan dalma, wanda ya tsira kuma sau da yawa yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa.

Abin da ya biyo baya ya shafi masu zama kan fayil a Abuja kai tsaye. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba shi da amfani muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta gurɓata, don haka likitoci suka dakata a garin Bagega har sai an kwashe ƙasar. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Kuɗin bai fito ba sai Janairun 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet. Wata takwas ke nan yaran Bagega suna wasa a ƙasar da kowa ya san halinta. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Taraba ba ta nesa da wannan labari, domin akwai dalma a ƙasar Arufu ta yankin Wukari. Amma a ƙauyukan noma irin su Kona da ke gefen Jalingo, gubar da ta fi kusa da mutane tana cikin jarkar feshi. NAFDAC ta haramta maganin ciyawa na paraquat daga farkon 2024. Haramci a takarda kuwa ba ya kwashe kaya daga rumfar kasuwa. Wanda ya wanke tankin feshi a rafi, kwaɗi da ƙananan kifaye ne za su fara nunawa, tun kafin mai ɗiban ruwa ya ji komai a jikinsa.

Idan gobe kaji ko kifaye suka fara mutuwa a Kona, mai unguwa zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Dabbobin gida na likitocin dabbobi ne, rafi na ma'aikatar muhalli da hukumar NESREA, yaro na ma'aikatar lafiya, lasisin haƙar ma'adinai kuma na Abuja.